Tekun Da Ke Ɗaure Cikin Dutse A Ƙarƙashin Ƙafafunmu

Masu iya magana kan ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Wannan magana gaskiya ce a Illela da Ƙonni, gaskiya ce a Jibiya da Maraɗi, haka nan kuma gaskiya ce a birnin Abijan na ƙasar Kwaddebuwa, inda shekara da shekaru ruwan famfon da jama'a ke sha daga ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi. To amma a shekarar 2014 masana ilmin ƙasa sun sami shaidar wani ruwa na daban, wanda yawansa zai iya kai na dukkan tekunan duniya ko ma ya zarce, amma kuma duk iya tonon da ɗan Adam zai yi ba zai kai gare shi ba.

Tun daga wannan shekara labarin ke ta yawo a gidajen rediyo da jaridu, galibi da kanun cewa wai an gano teku a ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya taɓa sayen jarkar ruwa da tsada a Adjame ranar da famfo ya ɗauke, ko ya jira tankar ruwa a bakin kasuwa, dole irin wannan labari ya ja hankalinsa. Idan har akwai teku guda a ƙarƙashinmu, me ya hana a haƙa a huta? Amsar wannan tambaya tana da daɗin ji, kuma tana da darasi ga 'yan kasuwarmu na Adjame da Treichville da sauran zangunan fatake.

Ruwan da ke cikin alif da farar ƙasa

Kafin mu nitsa can ƙasa, bari mu fara da kayan da ke kan teburin 'yan koli. Ɗauki alif, wanda ake jefawa a randa don ruwa ya kwanta. A hannu busasshe ne ƙamas, kamar gilashi. Amma idan ka ɗora shi a cokali ka kara a wuta, sai ka ga ya narke yana tafasa yana kumfa, daga bisani ya koma farin gari mara nauyi. Abin da ya fita daga cikinsa ruwa ne, domin kuwa kusan rabin nauyin alif ruwa ne da ke ɗaure a jikinsa. Ita ma kanwa akwai irin wannan ruwa a cikin ƙwayoyinta.

Misalin da ya fi kusa da abin da muke magana a kai shi ne yumɓu da farar ƙasa, irin wadda mata ke saye a kasuwar Adjame. Ko an shanya farar ƙasa a rana ta bushe sarai, kimanin kashi 14 cikin 100 na nauyinta ruwa ne da ya zama wani ɓangare na ginin ƙwayarta. Matsa ba ta fitar da shi, rana ma ba ta fitar da shi, sai wuta mai zafin da ya kai wajen digiri 500. Shi ya sa tukunyar da matan Katiola suka gasa ba ta sake komawa yumɓu ko ta shekara cikin ruwa, saboda wuta ta riga ta kore wancan ruwan na ciki.

Dalili kuwa shi ne, ruwa haɗin sinadarai biyu ne, haidirojin da oksijin. A cikin irin waɗannan ma'adinai ruwan yakan rabu, sinadaran nasa su shiga tsakanin ƙwayoyin dutsen su zauna. Ba ya gudu, ba ya jiƙa hannu, amma yana nan. To irin wannan ne ruwan da masana ke nufi idan suka ce teku a cikin ƙasa.

Kan iyakar da ke can ƙasa

Masana sun kwatanta duniya da mangwaro: akwai ɓawo, akwai tsoka, akwai ƙwallo. Daga inda muke tsaye zuwa tsakiyar duniya kimanin kilomita 6,370 ne. Ɓawon da muke gini da noma a kansa bai wuce kaurin kilomita 30 zuwa 50 a ƙarƙashin nahiyoyi ba. Daga nan sai tsokar, wadda dutse ne mai tsananin zafi, har zuwa zurfin kilomita 2,900, sannan ƙwallon da galibinsa ƙarfe ne.

Ita tsokar hawa biyu ce, ta sama da ta ƙasa, kuma a tsakaninsu akwai wani yanki da za mu iya kira kan iyaka, daga zurfin kilomita 410 zuwa 660. Don mai karatu ya gane wannan zurfi, sai ya ɗauka an miƙar da hanyar arewa daga Abijan an soka ta cikin ƙasa. Sai an wuce Yamusukuro da Buwake, an kai wajejen Katiola, kafin a shiga yankin, kuma ba za a fita daga cikinsa ba sai wajen iyakar Burkina Faso.

Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa shi ne na Kola a arewacin Rasha. An fara shi a 1970, kuma a 1989 ya kai mita 12,262, daga nan zafin da ya kai digiri 180 ya hana ci gaba. Wato aikin shekara goma sha tara bai kai tazarar Adjame zuwa filin jirgin sama na Port-Bouet ba. A wancan yanki na kan iyaka kuwa zafi ya kai wajen digiri 1,500, matsin da ke wurin kuma kamar a ɗora tireloli biyar maƙare da kaya ne a kan farcen babban yatsa.

Irin wannan matsi yana sauya wa dutse kama. Ma'adinin da ya fi yawa a tsoka ta sama, wani kore ne da ake kira olibin. Idan ya kai zurfin kilomita 410 sai ƙwayoyinsa su ƙara curewa ya zama wadsleyite, a wajen kilomita 520 kuma ya zama ringwoodite. An ba wannan na biyun sunan Ted Ringwood, masanin ƙasar Ostireliya, kuma a 1969 aka fara ganinsa cikin wani dutse da ya faɗo daga sama a Tenham ta ƙasar Ostireliya tun 1879. A 1987 Joseph Smyth na Jami'ar Kolorado a Amurka ya yi lissafi ya nuna cewa wadsleyite zai iya riƙe ruwa mai yawa. Daga baya aka ƙera waɗannan ma'adinai biyu a ɗakunan gwaji, aka ga lalle suna iya ɗaukar ruwa har kashi 2 cikin 100 na nauyinsu ko fiye. Sai dai iya ɗauka daban, ɗauka daban. Ana bukatar shaida daga can ƙasan, tun da gani ya kori ji.

Ɗan lu'ulu'un dala 20

Shaidar ta zo ta hanyar da babu wanda ya zata. A 2008 masu haƙar gargajiya a yankin Juina na jihar Mato Grosso a ƙasar Barazil suka tsinci wani ɗan lu'ulu'u, wato daiman, a cikin tsakuwar rafi. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, jikinsa duk lotsa, nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Duk dillalin da ya san sana'arsa ba zai dube shi sau biyu ba. An sayar da shi a kan kuɗin da bai wuce dala 20 ba.

Dutsen ya faɗa hannun ayarin Farfesa Graham Pearson na Jami'ar Alberta a Kanada. A 2009 wani ɗalibinsa mai suna John McNeill ya hango wani ɗan ƙwayar abu a cikinsa, wanda faɗinsa bai kai kaurin silin gashi ba. Shekaru suka yi suna gwaji kafin su fito da sakamako a mujallar Nature cikin watan Maris na 2014. Ƙwayar nan ringwoodite ce, karo na farko ke nan da aka ga wadda ta fito daga cikin duniyarmu, kuma kusan kashi ɗaya da rabi cikin 100 na nauyinta ruwa ne.

Yadda aka yi ta iso kuwa, lu'ulu'u ya fi kowane dutse tauri. Idan yana girma a can ƙasa yakan rufe da 'yan ƙwayoyin abin da ke kewaye da shi, ya riƙe su cikin matsin da suka saba da shi, kamar kayan da aka ɗaure aka buga wa hatimi. Daga nan wani irin aman wuta mai tsananin gudu, wanda dutsensa ake kira kimbalait, ya ɗauko shi ya kawo sama. Da ba don wannan sutura ba, da ringwoodite ta rikiɗe ta koma olibin tun a hanya.

Kashi ɗaya da rabi ba wani abu ba ne a ido. A buhun dutse mai kilo 50, ruwan bai wuce leda ɗaya da rabi na fiya-wata ba. To amma yankin nan kaurinsa kilomita 250 ne, kuma ya zagaye duniya kaf. Da haka ƙaramin kaso ke zama teku.

Wata uku bayan haka, a watan Yuni na 2014, Brandon Schmandt na Jami'ar New Mexico da Steve Jacobsen na Jami'ar Northwestern suka kawo wata shaidar a mujallar Science. Sun yi amfani da na'urorin auna girgizar ƙasa kimanin 2,000 da aka baza a faɗin Amurka, suka bi sawun girgiza fiye da 500. Sun tarar da alamun narkakken dutse a zurfin kilomita 700, daf da ƙarƙashin kan iyakar. Bayanin da suka yi shi ne, idan ringwoodite ta nitse ta wuce kilomita 660 sai ta rikiɗe ta zama wani ma'adini, bridgmanite, wanda ba ya iya riƙe ruwa sosai. Dole ta sauke lodinta a bakin iyaka, kuma ruwan da ta saki shi ke sa dutsen wurin ya ɗan narke.

Su ne suka yi lissafin cewa idan kashi 1 cikin 100 na nauyin dutsen yankin ruwa ne, to ya kusa ninka ruwan tekunan duniya sau uku. A lura da kalmar “idan”, domin masu yaɗa labarin sukan yar da ita a hanya. Har yanzu masana na muhawara kan ko duk yankin ne ke da ruwa haka, ko kuwa wasu wurare ne kawai, musamman inda lu'ulu'u ke samuwa. Amma shaidu sun ci gaba da ƙaruwa. A 2018 ayarin Oliver Tschauner na Jami'ar Nevada ya sami wata irin ƙanƙara da matsi kaɗai ke haifarwa a cikin wasu lu'ulu'ai, ciki har da na Botsuwana. A 2022 kuma Tingting Gu da abokan aikinta suka sake samun ringwoodite tare da ma'adinai masu ruwa cikin wani lu'ulu'u mai karat 1.5 daga mahaƙar Karowe ta Botsuwana, wanda ya fito daga zurfin kilomita 660.

Ta ina ruwan ya shiga can? Ɓawon duniya a farfashe yake, kuma ɓangarorinsa na tafiya 'yan santimita a shekara. A wasu wurare, kamar gefen tekun Fasifik, ɓawon da ke ƙarƙashin teku yana nitsewa cikin tsoka ɗauke da duwatsun da suka sha ruwa. Wani ruwan yakan dawo sama ta bakin duwatsu masu aman wuta, domin galibin hayaƙin da suke fitarwa tururin ruwa ne. Wani kuma ya wuce can ƙasa. Shiga da fita ce ta miliyoyin shekaru.

Daga Kankan zuwa Segela

Afirka ta Yamma na da babban rabo a wannan bincike. Galibin lu'ulu'an duniya a zurfin kilomita 150 zuwa 200 suke samuwa. Kaɗan ne ƙwarai ke fitowa daga kan iyakar nan ko ƙasa da ita, kuma wurare biyu da suka fi suna wajen irinsu su ne Juina ta Barazil da yankin Kankan na ƙasar Gini, tsohon garin fataken nan da hanya ta haɗa shi da Odienne a arewa maso yammacin Kwaddebuwa.

A shekarar 2000 Thomas Stachel da Gerhard Brey da Jeff Harris suka wallafa bincike kan lu'ulu'an Kankan, inda suka nuna cewa wasunsu na ɗauke da ma'adinan yankin kan iyaka, wasu ma na tsoka ta ƙasa. A 2023 kuma ayarin Suzette Timmerman ya auna shekarun irin waɗannan duwatsu na Juina da Kankan, ya tarar sun samu ne shekaru miliyan 450 zuwa 650 da suka wuce, lokacin da Barazil da Afirka ta Yamma ke haɗe wuri guda, tekun Atilantika bai raba su ba. Ashe dutsen Juina da na Kankan 'yan gida ɗaya ne.

Ita ma Kwaddebuwa tana da nata lu'ulu'un a Segela da Tortiya. Tsofaffin 'yan kasuwar Treichville ba za su manta ba, a watan Disamba na 2005, lokacin rikicin ƙasar, Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta sayen lu'ulu'un Kwaddebuwa, kuma ba a ɗage haramcin ba sai a watan Afrilu na 2014, wata guda bayan fitowar labarin dutsen Juina. Tun daga 2003 tsarin Kimberley ya wajabta takardar shaida ga duk ɗanyen lu'ulu'un da zai tsallaka iyaka, don haka wanda ya ɗauko shi ba takarda ya jawo wa kansa fitina. Abin mamakin shi ne, dattin cikin dutse, wanda ke karya farashinsa a wurin dillali, shi ne abin da masani ke nema ruwa a jallo.

Ruwan da Abijan ke sha

Yanzu bari mu dawo sama, inda guga da famfo ke kaiwa. Mafi yawan ƙasar Kwaddebuwa a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, irin wanda ke ƙarƙashin Kano da Zariya, inda ba a samun ruwa sai a tsagogin dutse. Buwake a kan irinsa take, shi ya sa a da ta dogara da madatsar Loka, kuma da madatsar ta ƙafe a 2018 garin ya shiga mawuyacin hali na tsawon watanni, kamar yadda direbobin hanyar arewa suka gani da idonsu.

Abijan kuwa ta yi sa'a. Tana kan wani siririn yanki na bakin teku mai shimfiɗar yashi da tsakuwa, wadda masana ke kira Continental Terminal. Irin wannan suna ne suke ba shimfiɗar da ke ba da ruwa a yammacin Nijar da yankin Gwandu na ƙasar Sakkwato da Kabi. A nan ruwan sake yake, yana kwance tsakanin ƙwayoyin yashi, kuma rijiyoyin burtsatsen da kamfanin SODECI ke zuƙo shi da su ba su kai zurfin mita 200 ba. Ruwan sama ne ke cika wannan rumbu, musamman ta wuraren da ƙasa ke buɗe, irin dajin Banco mai faɗin hekta fiye da 3,000, wanda ke maƙwabtaka da Adjame, aka kuma mai da shi gandun gwamnati tun 1953.

Matsalar ita ce rumbun yana da iyaka. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen birnin sun zarce miliyan biyar da rabi. Duk inda aka zuba kwalta ko siminti, ruwan sama ba ya samun hanyar nitsewa, sai ya kwarara ya cika magudanai ya faɗa tafkin Ebriye. Mahaɗar Indenie da ke gefen Adjame ta yi ƙaurin suna wajen ambaliya saboda haka. Sannan abin da ke tsiyaya daga masai da kwatami da juji yana bin ƙasa a hankali har ya kai ga ruwan. Binciken masanan ƙasar ya nuna sinadarin naitiret, wanda ƙazanta ke haifarwa, ya yi yawa a ƙarƙashin tsofaffin unguwanni irin su Plateau da Adjame, har aka daina amfani da wasu rijiyoyin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 50 a lita, saboda illarsa ga jinin jarirai.

Treichville kuma tata matsalar daban ce. A kan tsibirin Petit-Bassam take, tafki ya kewaye ta, kuma tun da aka buɗe mashigin Vridi a 1950 ruwan teku ke shiga tafkin. Ruwan ƙasa a nan kusa yake, 'yan mitoci kaɗan, don haka gishiri da ƙazanta ba sa wahalar kai masa. Domin rage wa rumbun Abijan nauyi ne aka jawo ruwa daga Bonoua a 2015, mita kubik 80,000 a kowace rana, zuwa unguwannin kudancin birnin, daga baya kuma aka gina babbar matatar kogin Me mai ƙarfin mita kubik 240,000 a rana. Wato birnin da ke zaune a kan ruwa ya kai ga nemo ruwa daga waje.

Abin lura ga ɗan kasuwa

Na farko, duk wanda ya zo maka da maganar zuba jari a haƙar tekun ƙarƙashin ƙasa, ko ya ce yana da injin da zai kai ga ruwan da ba ya ƙarewa, to ka riƙe aljihunka. Tsakanin rijiyar burtsatse mafi zurfi a Abijan da wancan yanki akwai ninki fiye da dubu biyu, kuma ko da an kai, dutse mai zafi za a tarar.

Na biyu, mai gina rijiya a gida ko a zango ya nisanta ta da masai da kwatami, ya ɗaure bakinta da siminti, ya kuma kai ruwan a gwada kafin a fara sha ko sayarwa. Ruwa garau a ido ba shaidar tsabta ba ne. Alif yana kwantar da laka, tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma dukkansu ba sa cire naitiret. Tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi. Masu sarin ruwan leda su tambayi inda aka ɗebo shi, su kuma duba shaidar hukuma a jikin ledar.

Na uku, masu garejin mota da masu rini da masu sayar da man inji a kewayen tashoshin Adjame su sani cewa baƙin mai da sinadaran da ake tuttulawa a ƙasa ba ɓacewa suke yi ba. Ƙasa tana ajiye su ne, ta miƙa wa rijiya bayan shekaru. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da shugabannin zango na da ta cewa a nan, domin su ake ji idan aka zo maganar inda za a zubar da shara da yadda za a gyara magudanar layi.

Tekun da ke cikin dutse zai ci gaba da zama inda yake, yana shiga yana fita a ma'aunin miliyoyin shekaru, masana kuma su ci gaba da karanta labarinsa daga lu'ulu'an Kankan da Juina da Karowe. Wanda ya rage a hannunmu shi ne na cikin yashin da ke ƙarƙashin Banco da Adjame, wanda damina ke cikawa, mu kuma muke iya gyarawa ko ɓatawa. Ƙwai a baka, in ji Bahaushe, ya fi kaza a akurki.